Ga wanda ya tashi a gidan da ba a kula da shi ba

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Wannan nasihar ta waɗanda wa'azin biyayyar iyaye yake sa su sunkuyar da kai ce, saboda akwai abin da ke cin ransu kuma ba su da wurin faɗa. Na san suna da yawa a Sakkwato, domin ni ma cikinsu nake. Liman zai hau mumbari ranar Juma'a ya jero ayoyin haƙƙin uwa da uba, kuma gaskiya ya faɗa, babu harafin da za a cire. Amma a cikin sahun nan akwai wanda ubansa bai taɓa tambayarsa ko ya ci abinci ba. A gida kuma akwai wadda aka ɗora wa farantin talla tun ba ta iya lissafin canji ba. Su ma addinin nan ya yi magana a kansu, sai dai ba kasafai ake karanta musu ba.

Talauci daban, sakaci daban. Na ga gidajen da ba su kai namu samu ba, amma uban zai dawo da yamma da ƙullin garin kwaki da ƙuli-ƙuli, ya zauna a tabarma ya raba wa yaransa da hannunsa. Yaran nan sun sha yunwa, amma sun san suna da uba. Mu Baba yana samu. Dako yake yi a Kasuwar Daji, idan kakar albasa ta zo har yakan samu da dama, sai dai kuɗin a wurin karta suke kwana. Inna kuma baƙin ciki ya cinye ta, yau yaji gobe biko, kuma fushin da ta kasa sauke wa miji a kanmu yake sauka. Abin da ba na mantawa shi ne bayan magariba a lokacin hunturu. Ƙamshin daddawa na tasowa daga kowane gida, murhunmu kuwa tun safe ba a hura shi ba. Ni da ƙanwata mukan zauna a zaure muna zane a ƙasa kamar masu wasa, don kada mai wucewa ya gane jira muke yi. Allah ya gafarta musu su biyun. Ba tonon asiri ya sa na faɗi wannan ba, ina so wanda ya ga irin haka ya san da shi nake.

Ɗan'uwa, abin da aka yi maka ba daidai ba ne, kuma shari'a ba ta kira shi daidai ba. Annabi (SAW) ya ce ya ishi mutum zunubi ya tozarta wanda ciyarwarsa ke wuyansa, kamar yadda Abu Dawuda ya ruwaito. A Bukhari da Muslim ya ce dukkanku makiyaya ne, kuma kowa za a tambaye shi abin da aka ba shi kiwo. Lokacin da Hindu ta kai ƙarar mijinta Abu Sufyan cewa ba ya ba ta abin da zai ishe ta da ɗanta, Annabi (SAW) bai ce ta koma ta yi shiru ba, cewa ya yi ta ɗauki abin da zai ishe su gwargwadon al'ada. Shi kansa Shehu Usmanu, wanda ya rasu a 1817 yake kwance a Hubbare, ya yi kakkausan suka ga malaman zamaninsa da suke karantar da ɗalibai a waje su bar matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci. To idan malamin da ya hana iyalinsa karatu ya sha wannan faɗa, ina ga wanda ya hana su tuwo? Saboda haka ka daina zaton laifinka ne. Yaro ba ya yin laifin da zai sa a bar shi ya kwana da yunwa.

Yanzu ga mai nauyin. Duk da abin da suka yi, kyautata musu bai faɗi daga kanka ba. Na daɗe ina kokawa da wannan kafin zuciyata ta karɓa. A Suratu Luƙman aya ta 15, Allah ya yi maganar iyayen da ke matsa wa ɗansu ya yi shirka, wanda babu zunubin da ya kai shi. Ya ce kada ka bi su, amma ka zauna da su a duniya da alheri. Asma'u 'yar Abubakar, mahaifiyarta ta zo mata Madina tana mushrika, tana neman abin hannunta. Ta tambayi Annabi (SAW), ya ce ta sadar da zumuncin uwarta. Annabi Ibrahim kuwa, a Suratu Maryam, sau huɗu yana kiran mahaifinsa da "ya babana" cikin lallami, uban ya amsa masa da barazanar jifa da kora. Abin da Ibrahim ya ce shi ne aminci ya tabbata a gare ka, zan nema maka gafara wurin Ubangijina. Kuma ku lura, bayan haka ya nisance shi. Wato ana iya kauce wa cutarwa ba tare da an yi rashin kunya ba.

Ba a ce dole sai ka ji ƙaunar da wanda aka raina da gata yake ji ba. Zuciya a hannun Allah take, kuma irin wannan ciwo yana daɗewa bai warke ba. Abin da ke hannunka shi ake nema: ka je gaisuwa, ka rage murya, ka sayi maganin idan ciwo ya zo. Idan ka san kuɗi a hannunsa ɓarna za su tafi, auna masa gero da shinkafa ka kai gida, ka biya kuɗin haya da kanka. Wannan ba rowa ba ce. Lokacin da Baba ya tsufa ƙafafunsa suka kumbura, ni nake ɗaukarsa a kabu-kabu zuwa asibiti, yana riƙe da rigata ta baya da hannun da ya ƙwace min kuɗin aikatau ina yaro. Bai taɓa cewa in yafe masa ba har ya koma ga Allah. Kada ka jira wannan kalmar, da yawa daga cikinsu ba za su iya furta ta ba. Ka yi don Wanda ya umarce ka.

Abin da na fi ji mana tsoro kuwa shi ne mu juya mu yi wa 'ya'yanmu. Mutane sun sha gaya mana cewa barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, har aka hana wasunmu aure da wannan magana. Alƙur'ani ya ce wani rai ba ya ɗaukar nauyin zunubin wani, don haka laifin ubanka ba gadonka ba ne. Amma hali yana bin mutum a ɓoye idan bai sa ido ba. Ka duba kanka: hannunka yana saurin kai mari? Kana majalisa har sha biyun dare, yara sun yi barci ba su gan ka ba? Tsoron komawa talauci ya sa kana ƙulle kuɗi alhali takalmin ɗanka ya tsinke? Aƙra'u ɗan Habis ya ga Annabi (SAW) ya sumbaci jikansa Hasan, sai ya ce shi 'ya'yansa goma bai taɓa sumbatar ko ɗaya ba. Annabi (SAW) ya ce wanda ba ya jin ƙai ba za a ji ƙansa ba. Mu da ba a rungume mu ba, sai mun koya da gangan, ko da farko za mu ji nauyin yi.

Sai ku maƙwabta. Akwai wata tsohuwa a layinmu, mai sayar da fura, Allah ya haskaka kabarinta. Ba ta taɓa ce mana "ku zo ku ci" a gaban mutane ba. Sai ta leƙo zaure ta ce da ni, "Kai, taho ka ɗebo mini ruwa." In na kai mata bokitin, sai in tarar da kwano biyu a rufe da faifai, ta ce, "Zamna ka ci ladan aikinka, ɗayan ka kai ma ƙanwarka." Sai da na girma na lura randarta a cike take duk lokacin da ta aike ni. Ita ce kuma ta riƙe hannuna ta kai ni makarantar allo, tana biya mini kuɗin Laraba.

A Mabera, a Gagi, a Runjin Sambo, a kowace unguwa akwai irin zauren nan, kuma kun san gidan. Ba sai kun jira gwamnati ko wata ƙungiya ba. Idan an sauke tukunya yau, a zuba kwano ɗaya a aika, kuma a nemo dabarar da yaron ba zai ji kunya ba. Uban kuma a samu dattijon da yake jin nauyinsa ya kira shi gefe, ba a bainar jama'a ba, ya gaya masa gaskiya.