Ina sunan Fritz Pollard?

Na gode da wannan labari kan Akron Pros, zakarun farko na gasar ƙwararru ta ƙwallon Amurka (American football), wadda yanzu ake kira NFL, a 1920. Wasa 11, sun ci 8, canjaras 3, maki 7 kacal aka zura musu duk kakar. Kofin ma ba a fili aka yanke shi ba, masu ƙungiyoyi ne suka zauna suka ba su.

Amma wallahi raina ya sosu da ban ga sunan Pollard ba. Ɗan wasan ƙungiyar ne, baƙar fata, yana ruga da ƙwallo da hular fata a ka, 'yan kallo na zaginsa. A 1921 ya zama ɗaya daga cikin kociyoyi biyu na ƙungiyar. Don Allah ku ƙara shi.