Tirelolin Taki Ba Za Su Farfaɗo Da Ƙasar Da Ta Gaji Ba

Damina na ƙaratowa, mun koma gidan jiya. A rediyo na ji wani jami'i yana lissafa tirelolin takin da za a raba, har ya rufe da cewa bana manomin shinkafa ba shi da sauran uzuri. Maganar nan ta tsaya mini a rai, domin ta nuna har yanzu masu tsara mana harkar noma suna ɗaukar gona kamar buhu, abin da ka ɗura shi za ka zazzage.

A ƙarshen noman ranin da ya wuce na je Kura wurin wani kawuna da ke noma a filayen da ruwan Tiga ke shayarwa. Ya sa ƙafa ya daki ƙasar gonarsa, ta yi ƙara kamar daɓe, sannan ya ce, "Ɗana, gonar nan da buhu uku ke ƙosar da ita. Yanzu ko biyar na zuba, sai dai ganye ya yi kore, zangarniya ba nauyi." Muna tsaye hayaƙi ya turnuƙe mu. Maƙwabcinsa ne ya cinna wa karan shinkafar da aka casa wuta don ya share fili da wuri. Abincin ƙasar ke nan yake tashi sama, gobe kuma mai gonar zai ci bashi ya sayo yuriya.

Ba na ƙin takin zamani. Yuriya na ɗauke da kashi 46 cikin 100 na nitirojin, babu kashin dabbar da zai kama ƙafarta wajen ƙarfi da sauri. Amma idan aka watsa ta a kan ruwan fadama, fiye da rabinta kan salwanta, wani ya bi iska, wani ya bi ruwa. Kamfa kuwa, wato takin zamani na NPK, sinadarai uku kawai take bayarwa. Ba ta mayar wa ƙasa laushinta, ba ta sa ta riƙe danshi, ba ta ciyar da ƙananan halittun da ke ruɓar da ciyawa su saki abinci ga saiwa. Wannan aikin takin gargajiya ne. Ƙasarmu ta Arewa dama can ruɓaɓɓen abu ya yi mata ƙaranci, ga shi ana noma ta rani da damina ba hutu. Wanda ya zuba kamfa a irin wannan ƙasa kamar mai ɗiban ruwa da kwando ne.

Masu cewa a watsar da takin zamani ɗungurungum su tambayi mutanen Siri Lanka abin da ya sami shinkafarsu da gwamnati ta hana shigo da shi a 2021, har ta janye dokar kafin shekarar ta ƙare.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne, Kano ba baƙuwa ba ce a wannan ilimi. Iyayenmu sun ga lokacin da jakuna ke shigowa birni da itace, su fita ta ƙofofin gari da mangala cike da toka da kashin awaki da sharar gida. Da haka gonakin kewayen birni suka yi shekara da shekaru ana noma su ba tare da sun mutu ba. Yau birnin ya ninka, abin da yake fitarwa ma ya ninka: kashin kaji daga gidajen gona, kashin shanu da abin cikin tumbi a mayanka, tulin buntu a bayan injinan casar shinkafa. Mafi yawansa ko dai a ƙone, ko ya toshe magudana. Na sani jujin yanzu ba irin na da ba ne, cike yake da leda da batir, kuma duk abin da ya haɗu da ruwan masana'antun fata na Challawa da Sharaɗa bai kamata ya kusanci gona ba. To ai aikin hukuma ke nan, ta tace, ta ruɓar, ta sayar da araha. Ɗanyen kashin kaji ma ƙona shuka yake yi sai an bar shi ya huce.

Bayan takin zamani da na gargajiya, sai ƙafa ta uku ta murhun, takin ƙwayoyin halitta, wanda aka bar wa 'yan talla. Akwai na gaskiya: cibiyar binciken noma ta ƙasa da ƙasa, IITA, na yin NoduMax da ake shafa wa irin waken suya don ya ɗebo nitirojin daga iska, kuma manomin da ya juya gonarsa da waken suya ko wake kafin shinkafa ya rage wa kansa kashe kuɗi. Amma waɗannan halittu masu rai ne, zafi na kashe su. Kwalbar da ta yi wata a rana a bakin kasuwa, mai ita na rantsuwa cewa za ta maye gurbin buhun yuriya, ruwa ce kawai ake sayar wa talaka. Dokar kula da ingancin taki ta 2019 tana nan, ban ga wanda take tsoratarwa ba.

Tun 2006 shugabannin Afirka suka taru a Abuja suka yi alkawarin kai amfani da taki kilo 50 a kowace hekta. Daga baya aka kawo shirin takin shugaban ƙasa da fosfat ɗin Maroko, a 2022 aka buɗe katafaren kamfanin yuriya na Dangote a Legas. Duk lissafin buhu ne. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 kuɗin buhun da na fetur ɗin injin ban-ruwa suka fi ƙarfin ƙaramin manomi, shinkafar waje kuma ta karya farashin samfarera. A wannan hali, cewa da mutum ya ƙara buhu zalunci ne.

Muna da cibiyar nazarin noma a busassun yankuna a Jami'ar Bayero, muna da KNARDA, hukumar raya aikin gona da karkara ta jihar Kano, da malaman gonarta. A ware kuɗin tirela goma kacal daga cikin waɗanda ake ƙirgawa a rediyo, a auna ƙasar Kura da Bunkure da Garun Malam, a faɗa wa kowane manomi abin da gonarsa ta rasa, a kuma kai masa ruɓaɓɓen taki bakin gona kafin ya yi kaftu.