Lasifikar Bakano da Aka Yi wa Sammu

(Rumfar gyaran kayan sauti a Sabon Garin Kano, gab da la'asar. Bazazzagi na liƙa waya da dalma. Bakano mai ba da hayar kayan kiɗan biki ya sauke amfilifaya, wato na'urar ƙara ƙarfin sauti, da manyan lasifika biyu daga Adaidaita Sahu, kowacce an ɗaura mata laya.)

Bakano: Salamu alaikum. Bawa, taso ka karɓi kayan ubangidanka.

Bazazzagi: Wa alaikumus salam. Yau kuma me bawan namu ya ƙona? Tun kana bakin titi ƙauri ya riga ka isowa.

Bakano: Ba ƙonewa ba ce, sammu ne. Jiya ana tsakiyar kamu, ƙawayen amarya sun fito fili, ana ta liƙi, sai na ji "bum", sai gurnani, sai hayaƙi. Na san mai aikin. Wani ne a layinmu ya sayi kayan kiɗa, tun ranar ba ya amsa gaisuwata da kyau.

Bazazzagi: Shi ya sa ka ɗaura musu laya?

Bakano: Bayan sun ƙone na ɗaura, kada abin ya yi gaba.

Bazazzagi: Madalla da tsari. Matso ka danna takardar gaban lasifikar nan da yatsa, a hankali. Me ka ji?

Bakano: Ƙarar-ƙarar, tana gogar wani abu.

Bazazzagi: Koyil ne, naɗin siririyar wayar da ke bayan takardar, ya soye, ya kumbura yana gogar maganaɗisu. Bari mu ga mai sammun.

(Ya kunna amfilifayar ba tare da ya haɗa lasifika ba, ya ɗora mita a kan mafitar sauti.)

Bazazzagi: Karanta mini, in Kanawa na iya karanta abin da ba kuɗi ba.

Bakano: 50. Kai, ashe da ƙarfinta! Na ce maka mai kyau na saya.

Bazazzagi: Lafiyayya a nan kusan sifiri take nunawa, ko kashi ɗaya cikin goma na bolt ba ta kaiwa. Taka bolt 50 take zubarwa, kuma tsayayyiyar wuta irin ta batir. Tiransistar fitar da sauti ce ta narke ta haɗe, sai wutar cikin amfilifaya ta wuce kai tsaye zuwa lasifika.

Bakano: To ba wuta lasifikar ke ci ba? Ta samu da yawa, sai ta gode Allah.

Bazazzagi: Wutar da take ci mai kai da komowa ce. Ka ga mace na daka? Taɓarya ta hau, ta sauka, ta hau. Haka takardar nan take, ta fito ta koma, motsin ne ke ba da sauti, shi ne kuma ke kaɗa wa koyil iska. Tsayayyiyar wuta kuwa turo takardar take waje ta riƙe ta a nan. Ba motsi, ba iska, sai zafi. Lasifikar da aka rubuta mata om 8, wato ma'aunin yadda take tare wuta, in ka auna koyil ɗinta wajen om 6 za ka samu. Bolt 50 sau 50, a raba da 6, ya haura wat 400 a kan 'yar siririyar waya. Daƙiƙoƙi kaɗan sun ishe ta.

Bakano: Ƙarya kake, Malam. A kwalinta wat 3000 aka rubuta, da jan fenti.

Bazazzagi: Kwalin ai bai ƙone ba. Shi ne mai wat 3000 ɗin.

Bakano: To ita tiransistar uban wa ya aike ta ta narke?

Bazazzagi: Tambayar da zan yi maka ke nan. Lasifika nawa ka rataya wa ɓangare ɗaya?

Bakano: Huɗu kacal. Bikin 'yar manya ne, sun ce so suke a ji har Fagge.

Bazazzagi: Huɗu masu om 8, duk a baki ɗaya, sun koma om 2. Juya bayan amfilifayar ka karanta: kada a sauka ƙasa da om 4. Ka ɗora mata ninkin kayanta, ka cusa ta a ƙarƙashin tebur inda fankarta ba ta samun iska, ga janareta na hawa da sauka. Jan fitilar nan ta gaba ba ta kama ba?

Bakano: Ta kama mana, tun farkon dare take walƙiya. Har yara na rawa a gabanta.

Bazazzagi: Inna lillahi. Ce maka take ta kai maƙura, sautin ya fara yagewa, ka rage. Irin wannan yagaggen sautin ne ke cinye ƙananan lasifikan sama masu siririyar murya.

Bakano: Ni na ɗauka ado ne.

(Bazazzagi ya kwance murfin. Ya yi shiru. Ya sa filaya ya zaro wani abu ya ɗaga sama.)

Bazazzagi: Alhaji, mene ne wannan?

Bakano: Fis.

Bazazzagi: Ƙusa ce. 'Yar inci biyu.

Bakano: Ai fis ɗin gilashin nan ba shi da amana. Kullum sai ya tsinke, kullum sai na saya. Tun da na sa wannan ban ƙara kashe ko kwabo ba.

Bazazzagi: Tsinkewar ce aikinsa! An yi shi ne don ya mutu a bar sauran. Shi ma ɗin ba ya isa shi kaɗai, domin wani lokaci kafin ya yanke shawarar tsinkewa koyil ya riga ya dahu. Shi ya sa ake sa mai gadi. Ina rilen da ke nan wurin? Wa ya ɗinke ƙafafunsa da waya?

Bakano: Wannan ɗan baƙin akwatin mai "ƙas"? Munafuki ne. In na kunna sai ya tsaya yana tunani kafin kiɗa ya fito. Kuma da biki ya yi daɗi sai ya yi "ƙas" ya ɗauke sauti, mutane su juyo suna kallona. Na ba wani yaro kuɗin shayi ya rufe masa baki.

Bazazzagi: Jinkirin da yake yi na daƙiƙa uku zuwa biyar ne, don bugun da amfilifaya ke yi lokacin kunnawa ya wuce kafin a haɗa lasifika. Bayan nan yana nan yana sa ido. Da ya ga tsayayyiyar wuta ta kai bolt ɗaya ko biyu ta ƙi tafiya, sai ya raba lasifika da amfilifaya kafin ka ƙifta ido. Duk "ƙas" ɗin da ya yi maka, lasifika ya cece maka.

Bakano: Ya cece ta ya kunyata ni.

Bazazzagi: Dubi nawa. Ka ga ɗan akwatin da ke tsakanin teburina da lasifikar gwajina? Duk amfilifayar da aka kawo, sai na auna ta da mita, sannan ta bi ta cikinsa. Lasifikar nan tun ina yaron shago take, ko tari ba ta taɓa yi ba. Kai ma abin da za a yi maka ke nan: sababbin tiransista na asali, don jabu sun cika kasuwa, a mayar da rile, a sa fis daidai lambarsa, a naɗa koyil biyu. Kuma daga yau amfilifaya ce ƙarshen kunnawa, ita ce farkon kashewa.

Bakano: Nawa?

(Bazazzagi ya rubuta a bayan kwali ya miƙa masa.)

Bakano: La'ilaha illallahu! Kuɗin gyara ne ko sadakin Bazazzagiya? Cire rilen. Cire fis, ina da ƙusa. Koyil ɗaya za a naɗa, ɗayar lasifikar a ajiye ta a gefen fili don kwarjini.

Bazazzagi: An kira salla. Zauna ka yi lissafi, in na dawo kai ma ka je. Kada ka taɓa mini komai.

(Ya fita da buta. Bakano ya leƙa waje, ya jawo wayar akwatin gwaji ya haɗa da amfilifayarsa, ya kunna. Shiru. Ya kashe ya sake kunnawa. Shiru. Ya girgiza kai, ya zare wayoyin daga akwatin, ya murɗe su da na lasifikar gwaji kai tsaye. "Bum." Gurnani. Hayaƙi. Bazazzagi ya shigo da gudu, takalmi ɗaya a hannu.)

Bazazzagi: Me ka yi? Me ka yi wa lasifikata?

Bakano: Kwantar da hankalinka. Akwatin naka ne ya lalace, ya hana sauti wucewa, na gyara maka kyauta. Amma ka ga magana ta fito: taka ma da ba ta je bikin ba ta ƙone. Yanzu ka yarda sammu ne?

Bazazzagi: Koyil uku za ka biya!

Bakano: Uku? To ai ya zama sari. Sai ka yi mini ragi.