Wi-Fi ba gajarcen komai ba ne

Bidiyon gasar kacici-kacicin nan da ake ta yaɗawa tun shekaranjiya, inda aka fitar da yarinyar da ta ce Wi-Fi ba gajarcen wasu kalmomi ba ne, aka kuma ba wa wanda ya ce "Wireless Fidelity" maki, abin kunya ne ga duk wanda ya zauna a teburin alƙalan. Yarinyar ce da gaskiya, malamai masu manyan riguna kuwa sun ci gyaran amsar da ba ta da kuskure, har da tafi.

A 1997 ƙungiyar injiniyoyi ta IEEE ta fitar da ƙa'idar sadarwa mara waya mai lamba 802.11, sannan 802.11b ta biyo baya a 1999. Kamfanonin na'urorin sadarwa da suka haɗu a wata ƙungiya mai suna WECA don tallata wannan ƙa'ida suka ga babu mai shiga shago ya tambayi na'ura da irin wannan suna, sai suka ɗauki hayar Interbrand, kamfanin da sana'arsa raɗa wa kaya suna, shi ne ya kawo musu Wi-Fi saboda yana da daɗin faɗa kuma yana kama da Hi-Fi na kayan sauti. Sunan kasuwa ne kawai. Phil Belanger, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar WECA, ya fito fili ya ce sunan ba ya wakiltar wasu kalmomi.

Na san za a ce ai ƙungiyar da kanta ta taɓa rubuta "Wireless Fidelity" a tallarta. Haka ne, ta liƙa taken bayan an riga an raɗa suna, don ta kwantar da hankalin mambobin da suka ƙi yarda da suna mara fassara, daga baya kuma ta watsar da shi. Masu cewa "haka yake a littafinmu" kuma, sai su gyara littafin, domin bugu a takarda ba ya mayar da kuskure gaskiya.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne yarinyar nan ta yi bincike da kanta, aka hukunta ta a gaban jama'a saboda ta fi alƙalanta sani. Ya kamata a nemi gafararta, a mayar mata da makinta.