Mushe Ya Hau Dutsen Ƙanƙara

Safiyar hunturu a Tawa. 'Yan fada sun kewaye murhun gawayi, shayi na farko bai ko tafasa ba. Mushe, wanda ya yi wata uku a Faransa amma labarin ya fi na shekara goma, ya iso da gilashi baƙi.

MUSHE: Wannan kuke kira ɗari? Ku da ba ku ga Shamoni a watan Janairu ba!

ALHAJI: Shamuwa?

MUSHE: Shamoni, Baba Alhaji, gindin dutsen Mon Bulan. Mita 4,800 da 'yan kai. Bagzan namu na Ayar, mai mita 2,022, ko biyu ka ɗora ba su kamo shi ba. Kuma fari fat, ƙanƙara tun daga sama har ƙasa.

MAI ƘANƘARA: Tsaya! Ta wa ce?

MUSHE: Ba mai ita.

MAI ƘANƘARA: In an ɗauke wuta fa?

MUSHE: Ba ruwanta da wuta, daga sama take zubowa kamar garin gero.

MAI ƘANƘARA: Innalillahi! Ni da azumi har faɗa ake kan leda ɗaya, su takawa suke?

MUSHE: Takawar ma ba ta kowa ba ce. Sai ka ɗaura wa takalminka ƙarfe mai haƙora 12, ya riƙa cizon santsi.

ALHAJI: Takalmi ya fi ni. Takwas suka rage mini.

MUSHE: Ka riƙe ɗan gatari, ka sa gilashi don hasken ƙanƙara na makantar da ido. Sannan a ɗaure ku da igiya ɗaya, in wani ya rufta rami sauran su tare shi.

MAI SHAYI: In mai tumbi ne ya rufta fa, irin Alhaji?

ALHAJI: Kai dai fifita wutarka. To ɗana, nawa ake biyan ku?

MUSHE: Mu ke biya. Akwai kuɗin ɗan jagora, ga hayar kaya, ga wata 'yar na'ura a ƙirji, in ƙanƙara ta zaftaro ta binne ka, da ita ake gano inda kake.

ALHAJI: Ka sayi kabarinka, ka sayi mai tono ka. Wa ya fara wannan aiki?

MUSHE: Mutum biyu, a 1786. Ɗayansu ma likita ne.

ALHAJI: Likita? To shi wa ya duba shi? Da kuka kai ƙololuwa me kuka tarar, zinariya ko kasuwa?

MUSHE: Iska. Amma na yi hoto. Ga shi.

Waya ta zagaya hannu hannu. Mai shayi ya goge ta da bakin rigarsa, ya ƙura ido.

MAI SHAYI: Mushe, dutsen taga gare shi? Ga wata tsohuwa zaune bayanka tana cin burodi.

MUSHE: Wannan... akwati ne da ke rataye a jikin igiyar ƙarfe, yana hawa da mutane. Cikin minti 20 yake kai mutum kusan mita 3,800. Ranar ƙafata ce ta ɗan yi tsami.

ALHAJI: Haƙoran 12 fa?

MUSHE: Na gan su a kanti. Na ma taɓa.

MAI ƘANƘARA: Bar su, Mushe, zo nan kusa. Akwatin nan, in zai sauko, buhu nawa yake ɗauka?