Curd a girkin Indiya kindirmo ne, ku daina zagaye

Duk uwargidan da ta taɓa bin girkin Indiya ta ci karo da "curd" a cikin kayan haɗi. Biryanin kaza, kofi ɗaya. Kazar tandoori, rabin kofi. Sai ki ga wata ta tsallake shi kamar ba a rubuta ba, wata ta zuba madarar gwangwani, wata kuma ta duba ƙamus ta ga an ce gudajin madarar da ake yin cuku da su ne, ta kama hanyar neman wara. Duk ukun sun ɓata girkin. Abin da ke ci mini rai shi ne abin da ake nema yana bakin kasuwarmu, cikin ƙwaryar 'yar Fillo. Kindirmo ne. Idan mutumin Indiya ya ce curd, yana nufin madarar da aka dafa ta kwana ta kama, wadda da Hindi suke kira dahi. Wadda ake tsinkawa da lemon tsami a matse ruwanta, mai kama da wara, ita ce paneer, kuma aikinta daban.

Yadda suke yin sa ba baƙo ba ne gare mu. A tafasa madara, a sauke, a bari ta huce har yatsa ya iya jure ɗuminta. A ɗebo cokali ɗaya daga na jiya a zuba, a motsa, a rufe, a ajiye a wuri mai ɗumi. A lokacin zafi, sa'o'i shida zuwa takwas sun isa ta kama. Da sanyi sai ta kwana. Ƙwayoyin halitta masu amfani da ke cikin cokalin nan su ke cin zaƙin madarar su mayar da shi tsami, tsamin kuma ya daskarar da ita. A arewacin Indiya suna kiran wannan cokalin jaman, kuma in na gida ya ƙare, a wajen maƙwabciya ake roƙowa. Da yawa suna yi da madarar ɓaunar da suke kiwo, wadda ta fi ta saniya maiƙo, shi ya sa nasu kan yi kauri har cokali ya tsaya a ciki.

Inda muka rabu da su shi ne mu sha muke yi, su kuma har tukunya suke kai shi. Nan ne nake so 'yan uwa mata su tsaya su duba.

Ɗauki kazar tandoori. Ana tsattsaga naman, a kwaɓa dahi da citta, tafarnuwa, barkono, kurkum da gishiri, a shafe kazar har cikin tsagin, a bar ta ta kwana. Tsamin kindirmo mai sanyin hali ne, a hankali yake ratsa nama yana tausasa shi. Lemon tsami zalla in ya daɗe a jikin nama sai ya dafe bayansa ya bar shi da tauri. Ga kuma kauri: shi ke riƙe kayan ƙamshi a jikin kazar, ba su zube a gindin kwano ba, kuma da ta shiga wuta sai ya bushe ya zama ɓawon nan mai ɗan ƙuna da ake so. Biryanin Hyderabad ma haka ne. Ɗanyen naman da aka jiƙa da dahi da soyayyar albasa ake shimfiɗawa a gindin tukunya, a ɗora shinkafar da ba ta gama nuna ba, a liƙe murfin da ƙullun fulawa, su nuna tare. Cire kindirmon, naman zai ƙone a ƙasa kafin ya yi laushi.

A miya kuma akwai ladabin da yake so. In kin zuba shi kai tsaye cikin tukunya mai tafasa, zai tsinke ya zama gudaji-gudaji da ruwa a gefe. Sai an burge shi tukuna ya yi sumul, a rage wuta, a riƙa zubawa kaɗan-kaɗan ana juyawa ba tsayawa. Maburginsu na katako, mathani, da namu uwa ɗaya uba ɗaya. A miyar kadhi ta Punjab da Gujarat sun sami wata dabara: ana dama dahi da besan, garin wani irin wake da suke kira chana, garin ya hana shi tsinkewa ko da ya daɗe yana tafasa. Kuma wanda ya kwana biyu ya yi tsami sosai shi aka fi so a kadhi, don haka ba a zubar da komai.

Sauran sanannu ne: raita, wato dahi da aka haɗa da kokwamba, a gefen shinkafa don kashe zafin yaji, lassi, wato dahi da aka burge don sha, da chaas mai ruwa-ruwa da gishiri. A Maharashtra da Gujarat a ɗaure shi a ƙyalle ya tsane, a sa sukari, ya zama shrikhand. A Bengal akwai mishti doi mai zaƙi da ake kafawa a 'yan tukwanen ƙasa. A kudu, musamman Tamil Nadu, gidaje da yawa ba su ɗaukar an gama cin abinci sai an rufe da thayir sadam, shinkafa mai laushi da aka cuɗa da kindirmo da gishiri. Har rigimar siyasa an yi a kansa. A watan Maris na 2023 hukumar kula da ingancin abinci ta Indiya, FSSAI, ta ce a riƙa rubuta "dahi" a jikin ledar curd. Babban ministan Tamil Nadu na lokacin, M.K. Stalin, ya ce wannan tilasta musu Hindi ne, kamfanin madarar jihar, Aavin, ya ƙi bi, hukumar ta janye.

Mu kuma ga shanu, ga Fulani masu sana'ar tun kaka da kakanni, amma da wuya ki ji an ce an jiƙa naman Sallah da kindirmo kafin a gasa. Mun tsayar da shi a fura da dambu da shan rana. Ba na raina fura da nono, Allah ya sani, amma ina ganin asara ce a ce matar da ke son girkin Indiya ta wuce 'yar Fillo ta shiga kanti ta sayi yogot na roba. Yawancin na kantin nan akwai sukari da ƙamshin ayaba ko na wani abu a ciki. Sukarin zai ƙone a jikin kaza kafin cikinta ya nuna, miya kuma ta fito da zaƙin da ba a gayyata ba.

In za ki saya, ki ce kindirmo kike so, wanda ba a cire mansa ba. Tsala ya yi ruwa, ba zai kama jikin nama ba, sai dai ki yi chaas da shi. In wanda kika samu bai yi kauri ba, ki juye a ƙyalle mai tsabta ki rataye na awa ɗaya ruwan ya tsane. In kuma kina shakkar tsabtarsa, ki tafasa madararki a gida, ko da garin madara ne mai maiƙo kika dama, ki kafa naki da cokali ɗaya na mai kyau, ki riƙa rage na gobe.