Yaran Willowbrook ba kayan kallo ba ne

Wallahi hoton yaran Willowbrook ɗin nan da ake ta yawo da shi tun jiya ya ɓata min rai, har da masu sa alamar dariya a ƙasa. Yara ne fa masu lalurar ƙwaƙwalwa, tsirara a kan siminti, ba suna ba komai, an haska su kowa na kallon tsiraicinsu. Ɗan wani ne wannan, uwa ce ta haife shi.

Willowbrook gidan gwamnati ne na ajiye masu lalurar ƙwaƙwalwa a Staten Island a New York, an gina shi don mutum 4,000 amma zuwa 1965 an cusa wajen 6,000, a shekarar Sanata Robert Kennedy ya shiga ya kira shi ramin macizai, kuma a nan ne likitoci suka riƙa saka wa yara ƙwayar ciwon hanta da gangan don gwaji. An ci mutuncinsu a ciki, yanzu mu kuma muna ƙara ci a wayoyinmu.

Na san za a ce ai hoton ne ya tona asiri. Eh, ɗan jarida Geraldo Rivera ya shiga da kamara a 1972 Amurka ta girgiza, amma sai 1987 aka rufe gidan, shekara 15 yaran na ciki! Iyaye ne suka kai ƙara kotu suka yi ta fama har aka yi yarjejeniyar gyara gidan a 1975, su iyayen ba wanda ke yaɗa hotonsu. Kuma ko malamin jami'a Burton Blatt da mai hoto Fred Kaplan da suka ɓoye kamara a bel suka zagaya irin waɗannan gidajen a Disambar 1965, da suka zo bugawa sai da suka rufe idanun mutanen da baƙin layi. Su da ke neman gyara sun ji nauyi, kai da ke neman layik fa? Wasu yaran nan suna raye har yau, sun tsufa, suna da 'yan uwa.

Shi ya sa raina ke ƙuna in na ga masu rabon keken guragu a nan gida, a jera yaran da shan inna ta taɓa a rana tun safe, ba a miƙa keken sai mai hoto ya iso, a ce uwar ta matso ta yi godiya a bidiyo. Ku ba su keken su tafi gida mana, don Allah.